Abin da malamai ke faɗa a tsakaninsu kan gyaran ilimi da makomar ɗalibansu

Tambaya: Ni uwa ce, yarana uku suna makaranta. Kullum muna jin 'yan siyasa da manyan masana suna maganar yadda za a gyara ilimi, amma ban taɓa jin an tambayi malaman da ke tsaye a gaban allo ba. Su me suke ganin ya kamata a gyara, kuma wace irin makoma suke hango wa yaranmu?

'Yar'uwa sannu da ƙoƙari, Allah ya raya miki su ya yi musu albarka. Gaskiya tambayar nan taki ta yi min daɗi don ba kasafai ake yin ta ba, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na daɗe ina koyarwa, furamare da sakandare duka, daga baya na koma aikin horar da malamai da bin su aji-aji ina kallon yadda suke darasi, toh abin da zan faɗa miki wani nawa ne, wani kuma abin da nake ji ne daga bakin abokan aiki idan an zauna a ofishin malamai babu wani babba a kusa. Kuma kar ki ɗauka bakinmu ɗaya ne, ana musu sosai, wani ya ce albashi ne matsalar, wani ya ce iyaye, wani ya ce yaran yanzu ne ba sa ji. Amma in kika bari suka gama huce haushinsu kika ce toh yanzu tsakani da Allah wane abu ɗaya ne ya fi ɗaga muku hankali, kusan duk wanda ya san aikinsa wuri ɗaya zai nuna miki, yaro ya shekara biyar shida yana zuwa makaranta kullum, ana ta ciyar da shi gaba daga wannan aji zuwa wancan, amma bai iya karatu ba.

Karatun da nake nufi ba rera baƙaƙe ba ne ko haddar waƙar aji. A miƙa wa yaro ɗan gajeren labari da bai taɓa gani ba ya karanta da kansa, a tambaye shi waye ya yi kaza, me ya sa ya yi, ya faɗa, shi kenan fa. Bankin Duniya da UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da wasu hukumomi sun auna wannan, a rahoton da suka fitar a 2022 sun ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ba za su iya ba. Kafin annobar korona ma kashi 57 ne, kinga dama can ciwon yana nan, rufe makarantu ƙara shi kawai ya yi. A Afirka kudu da Sahara kuwa abin ya kusa 9 cikin 10. Kuma yawancin yaran nan ba waɗanda ke yawo a titi ba ne, yara ne masu rajista, masu yunifom da jakar littattafai, iyayensu na ganin sun tura su makaranta sun sauke nauyi. Ana maganar yara miliyan 251 da UNESCO ta ce a rahotonta na 2024 ba sa zuwa makaranta a duniya, kuma dole a ci gaba da yin ta, amma waɗanda ke zaune cikin aji ba sa koyon komai babu mai ganinsu sai malami.

Shi ma malamin sai ya sa ido yake ganewa, don abin ɓuya yake yi. Ka gama bayani ka ce kun gane, aji gaba ɗaya ya amsa eh malam da ƙarfi. Ka karanta jimla su maimaita a tare, muryar yara goma na gaba ta rufe shirun yara arba'in na baya. Ka yi rubutu a allo su kwafe tsaf, wani yaron ma rubutunsa ya fi na malamin kyau, uwa ta buɗe littafi a gida ta ga shafi cike ta ce alhamdulillahi ana karatu. Na sha jan ɗalibin sakandare gefe in buɗe masa littafinsa, rubutun da ya yi da hannunsa jiya-jiya, in ce karanta min layin nan, sai ya sunkuyar da kai. Wallahi babu abin da ke karya min zuciya a aikin nan kamar wannan, don yaron ba daƙiƙi ba ne, sau da yawa ma mai kaifin basira ne, dabarun da ya ƙirƙiro yana ɓoye rashin iyawarsa shekara da shekaru sun ishe ki shaida. An dai wuce shi ne tun yana aji biyu babu wanda ya waiwayo.

Me ya sa ake wuce shi? Nan malamai ke da ƙorafi na gaskiya. Ana ba malami manhaja an tsara masa abin da zai koyar sati-sati, idan sufeto ya zo abin da yake dubawa shine ka kai inda ya kamata ka kai a silabus, ka rubuta tsarin darasi, ka cike rajista, da wuya ya ɗago yaro daga layin baya ya ce karanta mu ji. Sai manhaja ta zama kamar motar da dole ta tashi a kan lokaci ko fasinja sun shiga ko ba su shiga ba, direba ya isa tasha ta gaba ana yaba masa, mutane kuwa suna can baya a tsaye. Malamin aji biyar yana koyar da lissafin kaso cikin ɗari ga yaran da ɗebewa ma ba su iya ba, ya san ba su iya ba, amma in ya tsaya ya koma baya shi za a tuhuma a ƙarshen zango cewa bai gama aikinsa ba. Ƙarshen shekara kuma kowa ya wuce, iyaye ba sa son a ce ɗansu ya maimaita, makarantar kuɗi na tsoron a cire yaro a kai shi wata, ta gwamnati kuma ba ta da wurin ajiye shi ga wasu na tahowa a baya. Ni kuma ba na cikin masu cewa maimaita aji ne magani, yaro ya sake zama a aji ɗaya a sake koya masa yadda aka koya masa bara bai gane ba, me zai canza?

Abin da na fi yarda da shi, kuma malaman da na ga sun gwada shi da gaske ba sa son komawa tsohuwar hanya, shine a fara koyar da yaro daga inda yake tsaye. A Indiya aka fi sanin wannan. Akwai wata ƙungiya mai suna Pratham da tun 2005 take bi gida-gida a ƙauyuka tana gwada karatun yara, kusan duk lokacin da ta yi sai ta tarar wajen rabin 'yan aji biyar ba sa iya karanta littafin aji biyu. Abin da suka fito da shi ba wani abu mai tsada ba ne. A gwada kowane yaro shi kaɗai na 'yan mintuna, a gane wanda bai san baƙaƙe ba, da wanda ya san baƙaƙe amma bai iya haɗa kalma ba, da wanda ke karanta kalma amma jimla na ba shi wuya, da wanda ke iya karanta labari. Sai a ware wani lokaci a kowace rana a ajiye maganar aji da shekaru gefe, a haɗa yara bisa matakinsu, da zarar yaro ya iya a matsar da shi rukuni na gaba. Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019 tare da Michael Kremer, sun shafe shekaru suna gwada tsarin a jihohin Indiya daban-daban, kuma abin da suka gano daidai yake da kukan da malamai ke yi. A jihohin Bihar da Uttarakhand da aka horar da malamai aka ba su kayan aiki amma aka bar su da tsohon jadawali, malaman komawa suka yi kan silabus, don a kanta za a tambaye su, babu wani canji na a zo a gani. A jihar Haryana da hukuma ta ware awa guda a rana musamman don wannan, ta kuma sa masu bibiya suna shiga aji suna taimakawa, karatun yara ya ɗaga. Kinga kenan ba iyawa kaɗai malami ke buƙata ba, har da izini, a ce masa a hukumance tsaya ka koma ka ɗauko waɗanda aka bari. Zambiya ta fara nata tun 2016, wasu ƙasashen Afirka ma sun bi.

Ga kuma maganar harshe, wadda a kanta iyaye da malamai suka fi saɓani. Iyaye da yawa so suke tun makon farko su ji yaro na furta Turanci ko Faransanci, shine alamar makaranta mai kyau a wajensu. Malamar aji ɗaya kuma ta san ana neman ɗan shekara shida ya yi aiki biyu lokaci guda, ya koyi karatu kuma ya koyi baƙon harshe, sai ya kasa ko ɗaya ya koma maimaita sautin da bai san ma'anarsa ba. UNESCO ta ce a 2016 kusan kashi 40 cikin 100 na mutanen duniya ba sa samun ilimi da harshen da suke ji. Kuma an daɗe da gwada ɗaya hanyar, Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Jami'ar Ife daga 1970 zuwa 1978, aka koyar da wasu yara duk darussan furamare da Yarbanci tsawon shekara shida, Turanci kuma aka bar shi a matsayin darasi mai zaman kansa, yaran nan suka fi takwarorinsu da aka juya su zuwa Turanci tun da wuri, kuma ko a Turancin ba a bar su a baya ba. Dalili a fili yake, karatu sau ɗaya ake koyonsa, wanda ya iya shi da harshen gidansu da shi zai shiga duk harshen da ya koya daga baya. Amma fa da sharaɗi, sai an tanadi littattafai a harshen an horar da malaman da za su koyar da shi, in sanarwa kawai aka yi a rediyo malami aka sake jefawa cikin wahala.

Yanzu ki duba abin da hukumomi suka fi gaggawar yi idan an ce gyaran ilimi, gini, fenti, rabon littattafai, rabon kwamfuta. Ba raina su nake ba, ajin da ke yoyo ba a karatu a cikinsa, yaron da ke zaune a ƙasa rubutunsa ba ya kyau, makarantar da ba ruwa ba banɗaki 'yan mata da suka fara girma guduwa suke yi daga ita, duk malami zai gaya miki haka. Sai dai kaya su kaɗai ba sa koyarwa. A yammacin Kenya an taɓa raba littattafan karatu a makarantun karkara, shi Michael Kremer ɗin da abokan aikinsa suka bibiyi sakamakon, suka tarar yaran da dama can su ne kan gaba kaɗai suka amfana, sauran ba su motsa ba, don littattafan da Turanci aka rubuta su, wanda harshe na uku ne ga yawancinsu, kuma sun fi ƙarfin matakinsu. Peru ta sayi ƙananan kwamfutoci dubu ɗaruruwa ta raba wa yara, binciken da aka fitar a 2012 kan makarantun karkara sama da 300 ya nuna yaran sun iya sarrafa kwamfutar kam, amma makinsu a lissafi da karatu bai ƙaru ba. Duk malamin da na ba labarin nan bai yi mamaki ba.

Albashi kuwa, in na ce miki ba shi malamai ke fara ambata ba na yi ƙarya. Mutumin da aka yi wata biyu ba a biya shi ba, ko wanda dole sai ya yi wata sana'a har dare kafin ya riƙe gidansa, da safe gangar jikinsa ce kawai ke shigowa aji. Kuma mutane barin aikin suke yi, rahoton UNESCO na 2024 ya ce yawan malaman furamare da ke ajiye aiki a shekara ya kusa ninkawa daga 2015 zuwa 2022, daga kusan kashi 4.6 zuwa kashi 9 cikin 100, kuma duniya na buƙatar ƙarin malamai miliyan 44 kafin 2030, miliyan 15 daga ciki a Afirka kudu da Sahara. Amma akwai wani abu da nake faɗa wa abokan aikina ko da ba sa son ji. Indonesiya ta yi doka a 2005 da ta ninka albashin malaman da suka samu takardar ƙwarewa, masu bincike suka bi abin shekara biyu zuwa uku, malamai sun samu kwanciyar hankali, masu aiki na biyu sun ragu, amma karatun yara yana nan inda yake. Abin da na ɗauka daga nan shine albashi haƙƙi ne, shi ke riƙe mutanen kirki a aikin ya kuma jawo masu ƙwazo su shigo, amma in ba a taɓa abin da ake yi a cikin aji ba malami zai ci gaba da koyarwa yadda ya saba ne kawai. Sai maganar mutunci, wadda a wajen wasu ta fi kuɗin ciwo. Ko a ƙasashe masu arziki, binciken da OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta irin waɗannan ƙasashen, ta yi a 2018 ya nuna kashi 90 cikin 100 na malamai sun ce suna jin daɗin aikinsu, amma kashi 26 kacal suka ce suna jin al'umma na ganin darajarsa. Yara na jin yadda ake maganar malamansu a gida, shi ya sa in ka tambayi aji wa ke son zama malami, masu ƙoƙarin ne ke fara kawar da kai.

Mu ma da namu laifin, kuma malamai na ƙwarai sun fi kowa ƙosawa da shi. Akwai wanda ba ya zuwa, akwai wanda zai zo ya sa hannu ya zauna hira ajinsa na can ana ta surutu. Wani bincike na Bankin Duniya a ƙasashen Afirka bakwai da aka wallafa a 2017 ya tarar abin da yaran furamare ke samu na koyarwa bai kai awa uku a rana ba, kusan rabin abin da aka tsara. Akwai kuma wanda aka ɗauka aiki da alfarma, abin da ake so ya koyar shi kansa bai iya ba, malamin da ya karɓi ajin a shekara ta gaba shi ke kwasar wahalar. Toh in kin ji ana cewa malamai ba sa son a duba aikinsu, ba haka ba ne, abin da ba sa so shine dubawar da aka yi ta don neman laifi ko tozarci. A tace mutum tun wajen ɗauka, a daina cusa 'yan alfarma, wannan kam malaman gaske za su fi kowa murna.

Horo ma haka. Bitar da aka saba yi, a tara malamai ɗaruruwa a babban ɗaki kwana uku wani ya yi ta jawabi a raba satifiket kowa ya koma, da wuya ta canza komai ranar Litinin. Abin da ke canza malami shine wani wanda ya fi shi gogewa ya zauna a bayan ajinsa ya kalli darasi, bayan an tashi ya ce masa wuri kaza ka yi daidai, amma ka lura yaran layin hagu ba ka kira ko ɗaya ba, gobe gwada kaza, sannan ya dawo ya gani. Kenya ta yi irin wannan a shirinta na Tusome da ta fara a 2015 a makarantun gwamnati na ƙasar, kowane yaro da littafinsa, malami da jagoran darasi a rubuce, ga jami'ai na zagayawa suna kallon darasi suna gwada karatun yara, kuma karatun 'yan aji ɗaya da biyu ya ɗaga sosai. A Japan malamai kan haɗu su tsara darasi guda tare, ɗaya ya koyar sauran na kallo, su zauna su tattauna inda yara suka rikice, sun fi shekara ɗari suna haka. Singafo ta ba kowane malami damar horo na awa 100 a shekara. Ba kuɗi ne ya fi yawa a cikin irin wannan ba, lokaci ne da tsari.

Kuma komai na komawa kan shugaban makaranta. Akwai wani gari mai suna Sobral a jihar Ceará, a yankin arewa maso gabashin Burazil mai fama da talauci, a 2005 yana na 1,366 a jerin ingancin ilimi na ƙananan hukumomin ƙasar, zuwa 2017 ya zama na ɗaya cikin sama da 5,000. Buri ɗaya suka sa a gaba, kowane yaro ya iya karatu kafin ya gama aji biyu, suka daina naɗa hedimasta da siyasa sai wanda ya cancanta, suka riƙa gwada yara akai-akai suna bin wanda ya yi baya tun da wuri, malamai kuma ana horar da su a kai a kai. Cunkoso ba sai na daɗe a kai ba, a jihar Tenesi ta Amurka gwajin da aka yi daga 1985 ya nuna ajin yara 13 zuwa 17 ya fi na 22 zuwa 25 amfani a shekarun farko, musamman ga 'ya'yan talakawa, toh ki ƙiyasta halin malamin da ke da yara tamanin ko ɗari, ko sunayensu bai gama riƙewa ba zango ya ƙare.

Jarabawa kuma ita ke juya komai. Duk abin da ake tambaya a jarabawa shi malami zai koyar, in haddar ma'anoni take nema hadda za a yi ta yi. Ba na ƙin hadda, yaron da ya haddace jadawalin sau ya huta, ƙwaƙwalwarsa ta samu sararin yin tunani a kan lissafi mai wuya, matsalar ita ce a tsaya a nan. Satar amsa ma da ake ta kuka a kanta, in kika bi sawunta yawanci ga wancan yaron na aji biyu za ta kai ki, ya girma bai iya ba, ga jarabawar ƙarshe ta zo, iyaye na son sakamako, makaranta na son suna, sai a haɗu a saya masa takardar da ba zai iya kare ta ba.

Game da makoma, abin da na fi ji daga bakin malamai tsoro ne da fata a haɗe. Tsoron shine tazara za ta ƙara faɗi. Yau yaron da ya iya karatu da fahimta, da waya ɗaya a hannunsa zai iya koyon kusan duk abin da yake so, harshe, lissafi, gyaran inji, tsara manhajar kwamfuta. Wanda bai iya ba wayar nan dai ita ce a hannunsa amma sai kallon bidiyo, kuma duk ƙaryar da aka turo masa zai ɗauka. Tun da ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira da ke amsa tambaya ta kuma yi wa mutum rubutu, ya fito a ƙarshen 2022 malaman sakandare da na jami'a ke kokawa, ɗalibi ya kawo aikin gida tsaf ba kuskure, ka ce ya yi bayanin sakin layi ɗaya ya kasa. Ni ba na ganin hana su ne mafita, ƙirƙirarriyar basira ta riga ta shigo kuma da ita za su yi aiki, amma wanda ya iya rubuta tunaninsa da kansa shi zai gane in ta yi masa kuskure, shi ya sa malamai da yawa suka koma sa yara rubutu a cikin aji da tambayarsu baki da baki. Muna kuma ganin takarda ita kaɗai ta daina buɗe ƙofa kamar da, masu ɗaukar aiki abin da ka iya suke tambaya. Malamai da yawa na son a daina kallon koyon sana'a a matsayin wurin tura wanda ya kasa, a Jamus matasa masu yawa ta nan suke bi, kwana uku ko huɗu a kamfani ɗaya ko biyu a makaranta, su fito da ƙwarewar da kowa ke girmamawa. Amma ko sana'ar yanzu karatu take so, mai haɗa wutar sola da makaniken motocin zamani da mai gyaran waya duk sai sun karanta umarni sun yi lissafi.

Fatan kuma shine yara na saurin kamowa in aka koma aka ɗauko su. A jihar Uttar Pradesh ta Indiya, darussan gaggawa irin na Pratham da duka-duka ba su wuce kwana 50 ba sun sa yawan yaran da ke iya karanta sakin layi ko labari ya ninka na makarantun da ba a yi ba. Na ga irin haka da idona, yarinyar da ba ta taɓa ɗaga hannu ba ta fara karanta kalma, bayan 'yan makonni ita ke rigima a ba ta littafi ta tafi da shi gida, har zamanta a aji ya canza.

Ke kuma 'yar'uwa ga abin da malaman yaranki za su so ki yi, ko da kunya ta hana su faɗa. Kar ki tsaya kan matsayin da aka rubuta a katin sakamako, na ɗaya a ajin da ba a iya karatu ba shi ma bai iya ba. Yau da daddare ki samo ɗan labarin da ba na makaranta ba, ki ba kowannensu ya karanta miki a bayyane shi kaɗai, ki yi masa tambaya biyu uku a kai, in ke ba ki samu dama ba ki sa wani babba a gidan ya yi kina zaune. In kin ga yana tuntuɓe kar ki yi faɗa kar ki kira shi da sunan banza, da ma kunya ce ta sa yake ɓoyewa. Ki je wajen malaminsa da kanki ba sai an kira ki ba, ki gaishe shi da mutunci, ki ce Malam a wane mataki yaron nan yake a karatu, baƙaƙe ne ko kalma ko jimla, kuma me zan riƙa yi masa a gida. Ki tabbata yana zuwa kullum a kan lokaci, ya yi barci isasshe, bai fita da yunwa ba. Sannan ki ware minti ashirin kowace rana ya karanta miki wani abu daidai ƙarfinsa, ko da littafin ƙaninsa ne, bayan wata guda ki sake gwada shi da sabon labari ki kai wa malamin abin da kika gani.